RAI BIYU A GANGAR JIKI ƊAYA: AMSARMU GA WATA UWA

A cikin wasiƙun da suka iso mana a wannan mako akwai wata da ta tsaya mana a rai, har muka ga bai kamata a tura ta shafin wasiƙu a sallame ta da layi biyu ba. Wata 'yar'uwa ce ta aiko ta, malamar makarantar sakandare kuma uwar 'ya'ya. Ta ce ta tsinci wani littafin ƙagaggen labari na Turanci a jakar 'yarta mai shekara 15, ta ƙwace shi da niyyar ta leƙa shafi biyu don ta san abin da za ta yi faɗa a kai, sai ga shi ta kwana uku tana karatu har ta kai bango. Yanzu littafin yana ƙarƙashin katifarta. Ta kasa mayar wa yarinyar, ta kuma kasa jefa shi a murhu. A wani wurin, in ji ta, ya sa ta hawaye, a wani wurin ya sa ta istigfari, a wani wurin kuma ya sa ta hamma. Tambayarta ɗaya ce: wanne daga cikin ukun nan za ta bi?

Mun nemo littafin mun karanta, domin ba ya halatta mutum ya yi hukunci a kan abin da bai sani ba. Sunansa What's Left of Me, wato abin da ya saura daga gare ni. Wata matashiya Ba'amurkiya 'yar asalin Sin mai suna Kat Zhang ce ta rubuta shi tun tana ɗalibar jami'a, kamfanin HarperCollins ya buga shi a 2012. Shi ne na farko a jerin littattafai uku, na biyun ya fito a 2013, na ukun a 2014. Yana daga cikin irin labaran nan da Turawa suka ƙware a kai, waɗanda ake ƙago wata duniya ta zalunci a cikinsu, a saka matashi a tsakiyarta, a ga yadda zai yi.

Ga duniyar da ta ƙago. Kowane jariri ana haihuwarsa ne da rai biyu a gangar jiki ɗaya, kowanne da sunansa da halinsa, suna karɓa-karɓa wajen motsa gaɓoɓi. Tun yaro yana ƙarami ake jiran ɗayan ya rinjayi ɗayan, mai raunin ya dusashe har ya ɓace. In haka ta faru sai a ce yaro ya daidaita, iyaye su sami kwanciyar hankali. Wanda kuwa ya girma da rayukansa biyu, hukuma ta ɗauke shi a matsayin annoba. A makaranta ana koya wa yara cewa irin waɗannan mutane su ne ummul'aba'isin yaƙe-yaƙe da fitintinun ƙasashen waje, an rufe kan iyaka saboda su, an kuma ɗora wa kowa alhakin kai rahoton maƙwabcinsa.

Mai ba da labarin ita ce Eva, mai raunin da ya kamata a ce ta ɓace amma ta ƙi. Likitoci sun rubuta cewa ta tafi, iyayenta sun yi kukansu sun haƙura, alhali kuwa tana nan a cikin jikin da 'yar'uwarta Addie ke juyawa. Shekara uku tana gani tana ji, ba ta iya ɗaga yatsa, ba ta iya furta kalma, ba wanda ya san da ita sai Addie. Daga baya suka haɗu da wata 'yar ajinsu da yayanta, su ma masu ɓoye rai biyu, suka soma koya wa Eva motsi ta hanyar wani magani da ke sa Addie barci. Asiri ya tonu, aka kwashe su zuwa wani asibiti mai suna Nornand, inda ake gwajin magunguna da tiyata a kan yara da sunan warkar da su.

To, bari mu fara da abin da ya sa 'yar'uwarmu istigfari, domin shi ne mafi nauyi. Ko shakka babu ginshiƙin labarin ya saɓa wa abin da muka yi imani da shi. Hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud (RA), wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya bayyana matakan halittar ɗan tayi da aiko Mala'ika ya busa masa rai, a rubuta arzikinsa da ajalinsa da aikinsa da makomarsa. Rai ɗaya, littafin aiki ɗaya. A Suratul Isra'i, aya ta 85, an sanar da mu cewa sha'anin ruhi na Ubangiji ne, kuma ilimin da aka ba mu kaɗan ne. Ayoyi da dama sun tabbatar da cewa ba wanda zai ɗauki nauyin zunubin wani, wasu kuma a Suratun Nur da Yasin da Fussilat sun nuna gaɓoɓin mutum za su ba da shaida a kansa ranar hisabi. Abin tambaya a nan shi ne, hannun da rayuka biyu suka yi tarayya a kansa, a kan wa zai ba da shaida? In Addie ta yi ƙarya da harshen da Eva ba ta iya hana shi motsi, wa za a tuhuma? Littafin bai yi wannan tambaya ba ko sau ɗaya, domin a duniyarsa ba a ambaci hisabi ba. Rai a wurin marubuciyar abu ne da ƙwayar magani ke kwantarwa, wuƙar likita ke yankewa. Saboda haka istigfarin uwar nan yana kan hanya, kuma wajibi ne ta zaunar da 'yarta ta bambance mata wannan.

Amma adalci ya sa mu faɗi cewa marubuciyar ba ta ce tana koyar da aƙida ba. Ba ta yi da'awar haka Allah Ya halicci mutum ba, ba ta kuma kira kowa zuwa ga wani addini ba. Misali ta buga, kamar yadda kakanninmu suka sa gizo da ƙoƙi suka yi magana, ba kuma wanda ya taɓa tashi daga tatsuniya yana zaton kura tana zuwa kasuwa. Haɗarin yana wurin yaron da aka bari shi kaɗai da littafi, ba shi da tushen da zai auna abin da ya karanta a kai. Akwai kuma wani haɗarin da ya kamata a faɗa a fili. Kada wani ya ɗauki labarin nan ya fassara shi da shafar aljanu, kada kuma a ɗauke shi a matsayin bayanin cutar ƙwaƙwalwa. Yaron da ya ce yana jin muryoyi a kansa mara lafiya ne da ke buƙatar addu'a da likita, bai kamata a ɗaure shi a turu ba, bai kuma kamata a ce masa jarumin labari ne ba.

Sai abin da ya sa ta hawaye. A nan kam mun tsaya tare da ita, domin rayuka biyun ƙage ne, amma zaluncin da aka kwatanta ya faru, kuma a ƙasar marubuciyar ya faru. A 1879 aka buɗe makarantar kwana ta Carlisle a jihar Pennsylvania, inda ake raba 'ya'yan mutanen asalin Amurka da iyayensu, a aske musu gashi, a canza musu suna, a hukunta su in sun yi yarensu. Wanda ya kafa ta, wani hafsan soja mai suna Richard Pratt, ya faɗa a bainar jama'a a 1892 cewa manufarsa ita ce a kashe ɗan ƙabilar da ke cikin yaron don a ceci mutumin. Mai karatu ya dubi wannan magana da kyau, ya gwada ta da aikin asibitin Nornand, ya gaya mana bambancin. A Kanada yara kimanin 150,000 ne suka ratsa irin waɗannan makarantu, ba a rufe na ƙarshe ba sai a shekarun 1990, kuma a 2015 hukumar bincike da ƙasar ta kafa da kanta ta kira abin da sunan kisan kiyashin al'ada.

Likitoci ma ba a bar su a baya ba. A 1927 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 8 a kan 1, ta halatta wa jihohi su yi wa waɗanda aka kira masu raunin hankali tiyatar hana haihuwa da ƙarfin tsiya, kuma sama da mutum 60,000 aka yi wa haka a ƙarnin da ya wuce. A 1949 aka ba likitan ƙasar Fotugal, Egas Moniz, lambar Nobel saboda tiyatar yanke jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwa, wadda aka yi wa dubban mutane a Amurka da Turai don a kwantar da su, da yawa suka tashi kamar kwangon da aka zare wa mai gida. A cikin littafin akwai wani yaro da aka yi wa tiyata aka cire masa ɗan'uwan ransa, aka bar shi yana lalube yana kiran wanda ba zai amsa ba. Duk wanda ya san wancan tarihi ya san daga inda aka ɗebo wannan yaro.

Wurin da ya fi sosa mana rai shi ne na iyayen. Ba miyagu ba ne. Suna da ƙaramin ɗa mai ciwon ƙoda wanda ake yi wa wanki, sai jami'in da ya zo ɗaukar 'yarsu ya nuna musu cewa in sun ba da haɗin kai za a duba maganar dashen ƙodar yaron. Suka bari aka tafi da ita. Haka azzalumi yake aiki a ko'ina. Ba kullum yake zuwa da bindiga ba, wani lokaci da takarda yake zuwa da murmushi, ya sami talaka a inda ya fi rauni, ya sa shi ya sayar da ɗa ɗaya don ya fanshi ɗaya, sannan ya bar shi da nadamar har kabari. Marubuciyar ta gane wannan tun tana ƙaramar yarinya, kuma mun yaba mata.

Kada kuma a ɗauka tarayya a gangar jiki tatsuniya ce zalla. Allah cikin ikonSa Yana halittar tagwaye a manne, kuma a kansu ne tambayar littafin ke zama ta gaske. A shekarar 2000 aka haifi wasu tagwaye mata a birnin Manchester na Ingila, iyayensu mutanen ƙasar Malta, kotu ta sa musu sunan aro Jodie da Mary. Zuciya da huhun Jodie ne ke ɗauke da su biyun. Likitoci suka ce in an bar su duka za su mutu cikin watanni, in an raba su Mary za ta mutu nan take. Iyayen, mabiya ɗariƙar Katolika, suka ƙi yarda a zaɓi ɗaya. Kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a raba, aka yi aikin a watan Nuwamba, Mary ta rasu, Jodie ta rayu. Ko su alƙalan ba su ce ran Mary bai kai na 'yar'uwarta daraja ba, da larura suka kafa hujja. A Yulin 2003 kuma Ladan da Laleh Bijani, 'yan ƙasar Iran masu shekara 29 da ke manne ta ka, suka rasu a Singafo bayan tiyatar da su da kansu suka nema, suna sane da haɗarinta. Tare suka karanta shari'a, amma ɗaya lauya take son zama, ɗaya 'yar jarida. A nan gida ma ba mu manta da tagwayen nan na Kano da aka kai Riyad ta Saudiyya aka raba su cikin nasara a farkon 2024 ba.

Abin lura a waɗannan misalai shi ne, duk inda mutane masu hankali suka fuskanci wannan jarrabawa, sun ɗauke ta a matsayin rayuka biyu masu haƙƙi daidai, suka yi ta kai-kawo, suka yi kuka kafin su taɓa wuƙa. A duniyar littafin kuwa babu larura ko kaɗan. Eva da Addie suna iya rayuwa tare, ba wadda ke kashe wata. Hukuma ce kawai ta ga mutum mai murya biyu yana da wuyar juyawa, sai ta mai da shafe rarrauna ya zama al'ada, har uwa tana jiran ranar da ɗaya daga cikin 'ya'yanta zai ɓace don hankalinta ya kwanta. Wal'iyazu billahi. Wannan shi ne hannunka mai sanda da ke cikin littafin, kuma gaskiya ce ko daga bakin wa ta fito.

'Yar'uwarmu ta ƙara da wani abu a ƙarshen wasiƙarta wanda muke ganin ya fi komai muhimmanci. Ta ce da ta tambayi 'yarta me ya ja ta ga littafin, sai yarinyar ta ce ai ita ce Eva. A makarantar boko ana cin tarar wanda ya yi Hausa a aji, ana yi wa mai dogon hijabi kallon baƙauya, don haka sai ta kulle rabinta ta bar shi a bakin ƙofa. In ta dawo gida kuma ta buɗe baki za ta faɗi abin da ta karanta ko abin da take son zama, sai a ce boko ya ɓata ta, sai ta kulle ɗaya rabin. Iyaye, wannan magana da mu take. Yara nawa ne a gidajenmu suke zaune da rabi a kulle, mu kuma muna murna wai sun natsu? Tarbiyya ita ce a shiryar da abin da ke cikin yaro gaba ɗaya zuwa ga Allah. Wanda ya toshe bakin yaro ya ɗauka ya gyara shi, ranar da bakin zai buɗe ba a gabansa zai buɗe ba.

Saura hamma. Ita ma tana da dalili. Farkon littafin yana da ƙarfi, musamman yadda Eva ke cewa hannunmu, ƙafarmu, muryarmu, har mai karatu ya ji ƙuncin zama baƙo a jikinsa. Amma da aka shiga asibiti sai labarin ya koma irin wanda aka saba: farin ɗaki, mugun jami'i mai sanyin murya, likita mai tausayi a ɓoye, shirin gudu cikin dare. An bar manyan tambayoyi a buɗe. In a sauran duniya mutane suna zaune da rayukansu biyu, yaya suke aure? Yaya suke shari'a in ɗaya ya yi kisa? Wa ake ɗaurewa? Mai karatu yana ta jiran amsa sai ya ga bango, ana nuna masa ya tanadi kuɗin littafi na biyu. Wannan dabarar 'yan kasuwa ce, kuma ya kamata yaranmu su san ta.

Sannan ga soyayya, wadda kusan ba a sayar da littafin matasa a can sai da ita. Eva tana son wani yaro, shi ma mai rai biyu, Addie kuwa ba ta sonsa, alhali jiki ɗaya ne. Har an kai ga sumba. A nan uwa tana da haƙƙin ta ɗaure fuska, domin keɓewar saurayi da budurwa da taɓa juna ba tarbiyyarmu ba ce, kuma ba mu ga dalilin sassauta wannan ba. Sai dai ko a nan akwai abin tsinta. Marubuciyar ba ta ɓoye cewa Addie ta ji an shiga haƙƙinta ba. Littattafan soyayya da yawa suna koya wa yarinya cewa jikinta nata ne ta yi yadda ta so da shi, wannan kuwa, ko da gangan ko ba da gangan ba, ya nuna jikin da wani ke da haƙƙi a kansa ba a yin gaban kai da shi. Mu da muka yi imani jiki amana ce daga Mahalicci, kuma za a tambaye mu a kansa, muna da ƙofar da za mu shiga mu yi wa yarinya bayani.

To, wanne za ta bi? Amsarmu ita ce ta riƙe duka ukun, domin kowanne ya gano wani abu na gaskiya. Mai karatun da ya kamata a ji wa tsoro shi ne wanda ya haɗiye littafi ɗungurungum bai tauna ba, da kuma wanda ya ƙone shi bai buɗe ba. An ƙona littattafan hikaya a bainar jama'a a Kano a 2007, amma ba mu ga karatun ya tsaya ba, ya dai koma ƙarƙashin filo, daga baya ya koma cikin waya, inda idon uwa ba ya kaiwa. Yarinyar da aka ƙwace wa littafin takarda yau, gobe za ta same shi a intanet, ta kuma koyi darasi ɗaya, wato kada ta sake bari Umma ta gani.

Shawararmu ga 'yar'uwa ita ce ta ciro littafin daga ƙarƙashin katifa, ta kira 'yarta bayan sallar isha'i, su zauna su biyu. Ta fara da tambayarta abin da ta fahimta, ta yi haƙuri ta saurara har ƙarshe. Sannan ta nuna mata inda labarin ya saɓa wa aƙida, ta kawo mata hadisin busa rai da ayoyin hisabi. Ta nuna mata inda ya saɓa wa kunya. Ta ba ta tarihin Carlisle da na Manchester don ta san inda ya faɗi gaskiya. In yarinyar ba ta kai wannan fahimta ba, uwa ce ta fi kowa sanin 'yarta, tana iya jinkirta mata. Ba mu ce kowane gida ya nemi littafin ba, ba mu kuma sa shi a layin waɗanda muke kwaɗaitar da a karanta ba. Magana muke a kan gidan da ya riga ya shiga.

Ga marubutanmu kuma akwai ƙalubale. Ɗalibar jami'a ta zauna ta ƙago duniya sukutum don ta yi tambaya a kan rai da zalunci, alhali ba ta da abin da muke da shi na bayanin ruhi da amana da hisabi. Mu da muke da shi, ina namu labaran? In ba mu rubuta wa 'ya'yanmu abin da zai riƙe su kwana uku ba, kada mu yi mamaki in mun ci gaba da tsintar na wasu a jakunkunansu.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu kunnen sauraron raunana na cikin gidajenmu da na wajensu, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta. Amin.